Zomon da ke daka a cikin wata: labari ne ya yi tafiya, ko kowa da idonsa ya gani?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ba tambayar farashin dala na zo da ita ba, ko da yake a wajen fatauci na tsinto ta.

Waɗanda suka san ni sun san fitilun sola da batira nake sarowa daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Tafiyata ta bayan nan ta faɗa daidai bikinsu na tsakiyar kaka, wanda suke yi ranar 15 ga wata na takwas a lissafinsu, daren da wata ya cika. Ma'aikata sun tafi hutu, mai haɗa mini kaya ya ce kada ma in ɗauko zancen lodin kwantena sai an dawo. Maimakon takardun kaya sai ya miƙo mini wani jan gwangwani mai nauyi, cike da kek ɗin da suke rabawa a bikin. Zagayayye ne, an buga masa hatimi a sama, cikinsa wani kwaɓi mai zaƙi na 'ya'yan wani fure dangin bado, a tsakiya kuma gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri. Masu zuwa can ku riƙa tambaya kafin ku ci, wasu da kitsen alade ake kwaɓa su. Nawa na man gyaɗa ne, kuma rabin guda ya ishi mutum, da baƙin shayi yake wucewa.

Murfin gwangwanin ne ya tsaya mini a rai. An zana cikakken wata, a cikinsa ga farin zomo tsaye a kan ƙafafunsa na baya, ya kama taɓarya da hannu bibbiyu, ga turmi a gabansa. Na ce da mutumin, me ya kai zomo cikin wata, wa kuma ya sa shi daka? Ya yi dariya ya ce ai yana can, in ɗaga kai kawai. Da dare ya yi muka fito bakin titi, ya dinga nuna mini da yatsa ta tsakanin dogayen benaye: ga kunnuwa, ga gadon baya, ga turmi. Ni dai dabbare-dabbaren da na saba gani tun ina yaro nake gani, amma don kada in gwale shi na ce eh, eh, ga shi can.

Labarin da ya ba ni shi ne, wai a farkon zamani rana goma ce ta fito lokaci guda, ƙasa ta ƙone, sai wani maharbi mai suna Hou Yi ya harbo tara da kibiya ya bar ɗaya. Aka ba shi tukwicin wani magani wanda in mutum ya sha ba zai mutu ba. Matarsa Chang'e ce ta shanye. Wasu sun ce son kai ne, wasu sun ce wani yaron mijin ne ya zo ƙwace maganin ta rasa yadda za ta yi. Tana haɗiyewa jikinta ya yi sakayau ta tashi sama, ba ta tsaya ba sai cikin wata. Abokin zamanta a can shi ne wannan zomo, Yutu, aikinsa kenan dakan maganin rashin mutuwa.

Na dawo gida ina ba da labari a kan tabarma, sai babban ɗana, wanda ba ya rabuwa da katun ɗin Japan a waya, ya ce ai Baba su ma 'yan Japan zomo suke gani, sai dai nasu dafaffiyar shinkafa yake kirɓawa, haka ma 'yan Koriya. To nan kaina ya ɗaure.

Tambayata biyu ce. Wannan zomo labari ɗaya ne da ya tashi daga wani gari fatake suka yi ta yawo da shi, ko kowace al'umma da kanta ta ɗaga kai ta gan shi? Ta biyu, mu fa? Wa ya kai mu kallon wata? Da shi muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiyewa, a farin wata aka yi mana tatsuniya. Zomo muna da shi, turmi kuwa ba gidan da babu. Kakata ta nuna mini Zara ta ce matar wata ce, ta nuna mini Kaza da 'ya'yanta, in wata ya yi zazzaɓi mu fito da gwangwanaye muna kaɗawa wai rana ta sake shi. Amma ko da wasa ba ta taɓa ce mini akwai zomo a ciki ba.

Malamar Labarin Ƙasa

Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da hanya. Bari in ɗauki ɓangaren da nake koyarwa, in bar tatsuniya ga masu ita.

Dabbare-dabbaren nan filaye ne na baƙin dutse. A zamanin farko manyan duwatsu daga sararin samaniya sun riƙa faɗa wa wata suna haƙa kwaruruka masu faɗin ɗaruruwan kilomita. Daga baya narkakken dutse ya ɓulɓulo daga ciki ya malale kwarurukan, ya huce ya daskare. A lissafin masana, yawancin wannan ya faru fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce. Dutsen yana da sinadarin ƙarfe da yawa, shi ya sa ba ya mayar da hasken rana kamar tuddan da ke kewaye da shi. Wani limamin coci ɗan Italiya, Riccioli, ya raɗa wa filayen sunayen tekuna a taswirarsa ta 1651, har yau kuma da sunayen ake amfani, ko da yake busassun filaye ne.

Abin da ya shafi tambayarka shi ne, wata yana juya kansa sau ɗaya cikin kwana 27 da awa 7 da ɗoriya, kuma daidai wannan lokacin yake ɗauka ya kewayo duniya. Don haka fuska ɗaya yake nuna mana kullum. Ƙeyarsa ba wanda ya taɓa gani sai a watan Oktoba na 1959 da kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 3, ya ɗauko hotonta, aka ga ashe can kusan babu baƙaƙen filayen ma. Wato zane ɗaya ne mutumin Kano da na Beijin da na Meksiko suke kallo tun kaka da kakanni.

In kana son ganinsa, kada ka bari dare ya raba. Daren sha huɗu, ana idar da Magariba, ka fuskanci gabas lokacin da wata bai yi nisa da ƙasa ba. A wannan lokacin, a yankinmu, zomon a tsaye yake. Can sama za ka ga baƙi biyu sun rabu sun ɗan karkata dama, kunnuwan kenan. Inda suka haɗu shi ne kai. Daga nan jiki ya gangaro ta hagu ya lanƙwasa zuwa ƙasa, turmin kuma yana ƙasa ta dama. Akwai wani ɗan baƙin tabo shi kaɗai a sama ta hagu, kada ya ruɗe ka, ba ya cikin zanen. In ka sake dubawa da Asuba wata na shirin faɗuwa, za ka tarar ya kife, kunnuwa a ƙasa.

Wani abin dariya da nake gaya wa ɗalibaina: filin da ke matsayin kan zomon shi ne Mare Tranquillitatis, inda kumbon Amurka Apollo 11 ya sauka ranar 20 ga Yulin 1969. A kan zomo ɗan sama jannati Armstrong ya fara taka ƙafa. Su kuma mutanen Sin da suka sauke motarsu ta farko a wata ranar 14 ga Disambar 2013, sunan Yutu suka sa mata, kumbon da ya kai ta kuma Chang'e. Ta biyun, Yutu-2, ita ce ta sauka a ƙeyar wata a Janairun 2019.

Ɗalibi a Bangalore

Kawu barka da dawowa. Ni harhaɗa magunguna nake karanta a nan, amma wannan labarin na san shi, don wani ɗan ajinmu daga Siri Lanka, mabiyin addinin Buddha, ya ba ni shi har ya nuna mini a littafinsu. Yana cikin tarin labaran da suke kira Jataka, shi ne na 316.

Abokai huɗu ne a daji: biri, dila, karen ruwa da zomo. Ranar da wata zai cika ranar ibada ce a wurinsu, sai zomo ya ce duk wanda mabaraci ya zo wa gobe, kada ya bar shi ya tafi hannu rabbana. Karen ruwa ya tono kifi bakwai da wani masunci ya binne a rairayi. Dila ya shiga bukkar mai gadin gona ya ɗauko nama da tukunyar kindirmo. Biri ya tsinko mangwaro. Zomo ya duba ya ga shi ba shi da komai sai ciyawa, mutum kuwa ba ya cin ciyawa.

Sai Sakka, wanda a aƙidarsu sarkin sama ne, ya rikiɗe ya zo a siffar tsohon mabaraci don ya gwada su. Da ya iso kan zomo, zomo ya ce masa, tara itace ka hura wuta, ni zan faɗa da kaina, in na gasu ka ci, ka ga ba ka kashe rai ba. Wurin da ya fi taɓa ni a labarin, kafin ya yi tsalle sai da ya girgiza jikinsa sau uku, wai kada ƙwarin da ke cikin gashinsa su ƙone tare da shi. Ya faɗa, wuta ta ƙi cinsa, ta zama sanyi. Sakka ya bayyana kansa, ya matse wani dutse, ya zana hoton zomon a jikin wata da ruwan da ya fito, don duniya ta riƙa tunawa.

Wannan kam ya yi tafiya, ana iya bin sawunsa. Addinin Buddha ya shiga Sin wajen ƙarni na 1, ya isa Japan ta Koriya a ƙarni na 6, kuma labarin yana cikin wani tarin hikayoyin Japan na ƙarni na 12, sai dai can dabbobin uku ne, kuma zomon ya ƙone da gaske. Ni a ganina Indiya ce uwar zomon duka.

Maman Khalifa

Ni a Inugu na yi bautar ƙasa. Matar da ta ba ni haya cewa ta yi wani mutum ne ya fita faskaren itace ranar Lahadi maimakon zuwa coci, aka ɗauke shi aka liƙa a wata da gatarinsa. Da shi take tsorata jikokinta. Na duba kuma wallahi na ga mai faskaren. Yanzu Malama ta ce zomo ne, bari watan ya cika mu gani ko zai kori mai gatari.

Almajirin Zaure

Assalamu alaikum. Alhaji, tambayarka tsohuwa ce, magabata ma sun yi ta.

A tafsirin Imam Ɗabari, ƙarƙashin aya ta 12 a Suratul Isra'i, inda Allah Maɗaukaki ya ce ya sanya dare da yini ayoyi biyu, ya shafe ayar dare, ya sanya ayar yini mai haskakawa, an kawo cewa wani mutum da ake kira Ibnul Kawwa ya tambayi Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, game da baƙin da ke jikin wata. Sai ya karanta masa wannan aya, ya ce shi ne shafewar. Bayan nan kuma Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, wanda ya rasu wajen 1040, ya rubuta maƙala guda sukutum a kan wannan tabo. Ya bi maganganun mutane ɗaya bayan ɗaya, masu cewa hoton tekunan duniya ne yake bayyana a wata kamar a madubi, da masu cewa wani tururi ne ya tsaya tsakaninmu da shi, ya rushe su da hujjar cewa tabon ba ya sauya wuri ko siffa, ko daga ina aka dube shi. Ya tsaya a kan cewa a jikin watan abin yake, wani sashe bai kai wani karɓar haske ba. Ka ga bai yi nisa da bayanin Malama ba, kuma ba shi da madubin hangen nesa.

Amma zomon ya iso mana, Alhaji, ta ƙofar baya. Duk wanda ya karanta Kalila wa Dimna ya gamu da shi a babin mujiyoyi da hankaki. An yi fari, giwaye suka rasa ruwa, suka gano wani marmaro da ake kira Idon Wata a ƙasar zomaye. A hanyar zuwa sha suka tattake zomaye a ramukansu. Sai wani zomo mai suna Fairuz ya ce a bar shi da su. Ya jira daren farin wata, ya hau kan dutse don kada a take shi, ya ƙwala wa sarkin giwaye kira ya ce shi manzon wata ne, manzo kuwa ba a kama shi da laifin saƙo. Wata ya ce kun sha masa ruwa kun gurɓata, in kuka sake zai makantar da ku. In kana musu, zo mu je. Suka je, sarkin giwaye ya ga wata kwance a cikin ruwa. Fairuz ya ce ɗebi ruwa ka wanke fuska ka gaishe shi. Yana tsoma hanci ruwa ya motsa, wata ya hau karkarwa. Giwa ya ce, fushi ya yi don na taɓa ruwan? Zomo ya ce ƙwarai. Nan take ya tuba, ya kwashe jama'arsa. Zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara.

Asalin littafin daga Indiya yake. Wani likita, Barzawaihi, ya kai shi Farisa a zamanin Kisra Anushirwan a ƙarni na 6, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen shekarar 750. Ɗan Indiya in ya ji zomo ya ce wata ne ya aiko shi, ba zai yi mamaki ba, tun da a jikin wata yake ganinsa. Mu labarin ya iso mana, dalilin ya maƙale a hanya.

Tambayarka ta biyu kuwa, ra'ayina shi ne mu jinjirin wata muke nema, don ƙidaya. Alƙur'ani ya ce lokuta ne ga mutane da aikin hajji. Mai neman ɗan siririn haske a yamma ba ruwansa da zanen da ke cikin cikakken wata. Sai dai a ji waɗannan labarai a matsayin tatsuniya, a gaya wa yara haka.

Ɗan Damagaram

Ido abin da zuciya ta ɗauka yake gani. Mun karanta a lakkwal, lokacin da Faransawa suka tuɓe Sarki Muhammadu na Biyar na Maroko a watan Agustan 1953 suka kai shi Kosika, daga nan Madagaska, mutane sun riƙa hawa kan soraye da dare suna cewa ga fuskar sarkinsu a cikin wata. Haka aka yi ta yi har ya dawo a Nuwambar 1955. Ba wanda ya ga zomo a shekarun nan.

Tsohon Ɗan Jarida

Ɗana na Bangalore, labarinka ya yi daɗi, amma ka yi saurin ba Indiya sarauta.

A 1972 an tono wani kabari a Mawangdui, a birnin Changsha na ƙasar Sin, na wata matar hakimi da ta mutu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A kan akwatin gawarta an shimfiɗa wani ƙyallen siliki mai zane. A kusurwa ɗaya jar rana ce da baƙin tsuntsu a ciki, a ɗaya kusurwar jinjirin wata ne da kwaɗo da zomo. Wannan kafin addinin Buddha ya kafu a Sin ne. Saboda haka baƙon da ya zo daga Indiya ya tarar da ɗan gida a zaune.

Bar wannan ma, mu tsallaka teku. Wani ɗan mishan na Sifaniya, Bernardino de Sahagún, ya zauna da dattawan Aztek a Meksiko a ƙarni na 16 ya rubuta abin da suka gaya masa da harshensu. Suka ce lokacin da duniya ke cikin duhu, abubuwan bautarsu sun taru a Teotihuacan suna neman wanda zai zama rana. Biyu suka fito: Tecciztecatl, mai dukiya da ado, da Nanahuatzin, talaka mai ƙuraje a jiki. Aka hura gagarumar wuta. Mai dukiya ya taho da gudu, zafi ya buge shi ya ja da baya, har sau huɗu. Talaka ya runtse ido ya faɗa. Kunya ta kama mai dukiya, shi ma ya bi. Suka fito sama su biyu da haske iri ɗaya. Aka ce wannan bai dace ba, matsoraci ya yi daidai da jarumi? Sai ɗaya daga cikin taron ya suri zomo ya maka wa mai dukiya a fuska, haskensa ya dushe, shaidar zomon ta zauna. Su kuma Maya, maƙwabtansu, ɗaruruwan shekaru kafin Kolumbus ya tsallaka teku a 1492, suna zana uwargijiyar wata rungume da zomo a jikin tukwanensu. Wane ayari ne ya kai musu daga Indiya?

A nahiyarmu ma akwai, can kudu, wurin mutanen Khoi da San na Namibiya da Afirka ta Kudu. Wani Bajamushe, Wilhelm Bleek, ya buga shi a 1864. Wata ne ya aiki zomo wurin mutane ya ce, gaya musu kamar yadda nake mutuwa in dawo, haka su ma za su mutu su dawo. Zomo ya je ya juya saƙon, ya ce za ku mutu ba dawowa. Da wata ya ji, ya ɗauki makami ya sare shi a baki, shi ya sa leɓen zomo a tsage yake. A wata ruwayar zomo ya rama, ya yakushi fuskar wata, tabon kenan. Wannan zomon ya fi kama da wanda muka sani, ba waliyyin Indiya mai tausayin ƙwari ba.

Mai faskaren Maman Khalifa kuwa, Jamusawa suna da shi tun da daɗewa, mutum da damin itace a baya wanda ya karya ranar hutu. Ina kyautata zaton da 'yan mishan ya shigo kudu.

To Alhaji, amsata ga tambayarka ta farko ita ce duka biyun. Inda ka ga labari ya zo da kayansa cif, dabbobi abokai, baƙo mai yunwa, wuta, to wannan ɗauko shi aka yi, kuma ana ganin hanyar da ya bi. Inda kuwa zomon kawai aka haɗa, labarin ya sha bamban, to kowa da idonsa ya gani. Kuma ba abin mamaki ba ne. Kunnuwa biyu dogaye a saman dunƙulen jiki, dabba nawa ce ke da su? Ga shi zomon daji da dare yake fita kiwo, duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye a mota da dare ya ga yadda yake tsayawa cak a hasken fitila. Manomin da ke gadin wakensa a farin wata, zomo yake gani a ƙasa. Bai yi nisa ba ya gan shi a sama.

Baban Hanifa

Kai, madalla. Allah ya saka wa kowa da alheri, na sha karatu.

Allah ya gafarta Malam, labarin Fairuz ya biya ni, amma a kan tambaya ta biyu ban gamsu ba. Jinjirin wata manya ke nema, su ma sau ɗaya a wata. Mu yara cikakken muka sani. A farin wata 'yan mata ke gaɗa a dandali, mu muna langa, ba mai kiran kowa ya shigo gida da wuri. Mun kalle shi har mun gaji. Ni abin da nake gani, kakanninmu sun riga sun ba wata matsayin mutum. Yana da mata, yana tsayuwa, yana zazzaɓi, yana rigima da rana har sai yara sun fito sun raba. Wanda ake wa kallon maigida ba a leƙa cikinsa ana neman dabba. Sannan wayon da wasu ƙasashe suka ba zomo, mu Gizo muka ba, shi ya cinye tatsuniyar, zomo sai ɗan abin da ya samu a karin magana.

Yallaɓai Tsohon Ɗan Jarida, batun wake gaskiya ne, gonarmu ta gado zomaye sun sha yi mana ɓarna. Sai dai manomanmu ma sun yi wannan gadin, ba su ɗaga zomon sama ba. Ina jin sai an sami wanda ya fara nunawa da yatsa tukuna.

Malama, na bi kwatancenki daren jiya a saman bene, ni da yara. Hanifa ce ta fara gani, ta yi ihu ga kunnuwa. Ni sai da ta kama hannuna ta bi da shi. Yanzu kuma na kasa daina ganinsa. Uwargida ta leƙo ta ce ita mace take gani ta sunkuya da goyo, kuma ba ta sauka daga kan haka ba. Turmin ne dai har yanzu ban yarda da shi ba, ya fi kama da ƙwarya a kife.

Tambaya ta ƙarshe: akwai irin madubin nan mai ido biyu da ake sayarwa a kasuwar da nake sari, an rubuta 10x50 a jiki. Zai nuna wa yara wani abu, ko asarar kuɗi ce?

Malamar Labarin Ƙasa

Saya, Alhaji, ya isa. Za su ga filayen sarai, har da manyan ramuka. Amma da madubin kada ku jira daren sha huɗu, hasken yana kashe ido kuma komai yana bajewa. Ku duba daren bakwai ko takwas, a bakin layin da haske ya haɗu da duhu, nan inuwa ke fito da ramuka da tsaunuka. A jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada hoton ya riƙa rawa, kuma a yi kafin hazon hunturu ya sauko. Ka ja wa yaran kunne sosai, ko da wasa kada su juya shi wajen rana, yana makantarwa nan take.